Shayin da Muka Sha a Takaba

Sai da na shekara arba'in da uku a duniya kafin na zauna na shanye kofin shayi har ƙasa. Ni mai kunu ce tun ina yarinya a Kaura Namoda. Amma na yi shekara ashirin da huɗu ina dafa shayi sau biyu a rana, bayan asuba da bayan la'asar, saboda maigidana. Iyakata in ɗanɗana da bakin cokali in ji ko sukari ya ji. Shi kuma sai ya ɗauki buta da kofi biyu ya shiga ɗakin mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, su sha suna hira.

Hatsi yake saye da sayarwa a kasuwar Shinkafi. A can yake sayo ganyen shayinsa, baƙi, ƙulle a farar leda, babu suna babu tambari, ya zo ya juye a wani tsohon gwangwanin madara. Ban taɓa tambayarsa wurin wa yake saye ba. Abin da kullum yana nan, me zai sa in tambaya?

Da bazara ya rasu, bayan jinyar kwana shida. A kwanakin zaman makoki matan unguwa suka karɓe madafa, suna ta dafa wa masu gaisuwa shayi ana kaiwa zaure. Ranar sadakar bakwai na ga gwangwanin an wanke shi an kife a kan katanga.

Daga nan kowa ya watse. 'Yata, wadda ke aure a Dauran, ta koma da tsohon cikinta. Yayana ya koma Kaura. Gidan ya rage ni da Inna, wadda yanar ido ta rufe mata gani, ƙafafunta kuma ba sa kai ta ko bayan gida sai an riƙe ta. Ni kuwa na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Da, kullum da hantsi nake fita zuwa shagon ɗinkin da muke haɗaka da wata ƙawata a bakin titi. Yanzu iyakata ƙofar zaure ta ciki. Taku goma sha ɗaya ne daga ɗakina zuwa nan, na ƙirga har na gaji. Zafi ya yi tsanani, kwano yana ƙara da rana, bishiyar darbejiyar tsakar gida ko motsi ba ta yi. Ina jin babura suna wucewa, ina jin masu tallar awara, amma ba na ganin kowa sai maƙwabciyata da ke leƙo mu.

Inna ta daina cin abinci sai loma biyu. Wata rana bayan la'asar na ji ta ce, kamar ba da ni take ba, "Lokacin shayi ya yi."

Yaya ya bar mini kwalin shayi irin mai 'yar jaka da zare, da gwangwanayen madara. Na dafa na kai mata. Ta kurɓa sau ɗaya ta miƙo mini kofin.

"Mi kika ba ni, ɗiyata?"

"Shayi ne, Inna. Yaya ya kawo daga Kaura."

"Wanga ruwan da aka wanke jan zane na. Ina nashi?"

Na ce ya ƙare a makoki. Ta juya fuska bango. Ni kuma na zauna a bakin gadonta da kofi a hannu, ban san inda zan kai shi ba, sai na sha. Ba shi da nauyi a baki, kuma akwai ɗan warin takarda a ƙarshensa. Da na ƙara madara sai ya tuna mini da teburin mai shayi na kusa da tashar jirgin ƙasa a Kaura, inda mahaifinmu yake saya mana burodi ranar da ya yi ciniki. Na shanye, na yi kuka kaɗan, na wanke kofin.

Washegari na roƙi maƙwabciyata ta tambayi abokan marigayi a kasuwa wurin wa yake sayen ganyen shayinsa. Ta dawo ta ce kowa da abin da ya faɗa. Wani ya ce wurin wani dattijo yake saye a layin masu kayan yaji, wani ya ce dattijon ya tashi tun bara, wani ya ce ai daga tsallaken iyaka ake kawo masa.

Wannan maganar ta ƙarshe ta kai kunnen wani amininsa, Bafulatani makiyayi daga wajen Jangeru. Ranar kasuwa sai ga sallamarsa a zaure. Na tsaya bayan ƙofa muka gaisa, ya sake yi mini ta'aziyya.

"An ce tsohuwa ta ƙi shayi," in ji shi. "Na zo da namu na Nijar. Ba sai kin wahala ba, ni zan dafa. A ba ni wuta kawai."

Maƙwabciyata ta kai masa garwashi a kasko. Ban ga yadda ya yi ba, amma na ji: ƙarar 'yar butarsa, da sautin shayi yana zuba daga sama cikin ɗan kofin gilashi, ya mayar, ya sake zubawa, har na ɗauka ya manta da mu. Can aka shigo da kofuna biyu, kowanne bai fi tsawon yatsa ba, rabinsa kumfa. Koren ganye ne. Kurɓar farko ta kama mini harshe kamar na tauna ɗanyen goro, ɗaci da zaƙi a haɗe, babu wanda ya bar wa wani wuri. Inna ta shanye nata ta lashe leɓe.

"Ba shi na ba," ta ce. "Amma wanga shayin maza na."

Sai ta ɗaga murya ta yi masa magana da Fulatanci. Na san mahaifiyarta Bafulatana ce, amma ban taɓa jin ta yi yaren haka da tsawo ba. Ya amsa daga zaure, ta mayar, har ta yi dariya, dariyarta ta farko tun rasuwar. Ya sake dafa ganyen nan karo na biyu da na uku, kowanne ya fi na baya laushi. Na uku na fi so, ɗacin ya kwanta, ya bar wani ƙamshi kamar na ciyawar da aka yanka. Kafin azahar ya yi sallama. Ya ce hanyarsu ba a bin ta da yamma yanzu, kuma ya kora shanunsa arewa, bai san ranar da zai sake shigowa ba. Ya bar mana sauran ganyen. Da safe Inna ta tashi da ciwon ciki da bugun zuciya, ta ce kada in sake ba ta. Ni ma da na gwada dafawa, ɗaci kawai na samu, ban samu kumfa ba.

A wata na biyu 'yata ta haihu. Ban je ba. A waya na ji kukan jikata, a waya na ji guɗar ranar suna, ina zaune a kan turmi a tsakar gida. Bayan kwana biyu wani direba ya kawo saƙonta daga Dauran: naman suna, da ƙulli na busasshiyar na'a-na'a, da wata doguwar ciyawa mai ƙamshin lemun tsami da ta shuka a bayan ɗakinta, da citta da kanumfari. Ta ce in dafa wa kakarta, ko zai buɗe mata baki.

Da na dafa, gidan duka ya ɗauki ƙamshi. Inna ta shinshina tun kafin in ƙaraso.

"Ba ni da mura," ta ce. "Wanga magani na, ba shayi ba."

Ta sha rabi don jikarta ce ta aiko. Ni kuwa shi ya shiga raina. Yana da ɗan yaji a maƙogwaro, yana sa gumi, bayan gumin sai jiki ya yi sanyi. Na riƙa dafa shi ni kaɗai da hantsi, lokacin da na saba fita shago, in ja kujera 'yar tsuguno zuwa bayan ƙofar zaure in zauna ina sauraron titi. Har na iya gane babura da ƙararsu. Wata rana na ji muryar ƙawata ta shago tana gaisawa da wani a waje, tana sauri, ba ta shigo ba. Na kama sakatar ƙofar na riƙe har ta yi nisa.

Maƙwabciyata, Allah ya saka mata, ita ta kawo dabarar da ta cinye mana wata na uku. Duk ranar kasuwa sai ta bi masu sayar da ganyen shayi na awo ta sayo kaɗan kaɗan, kowanne a ƙullinsa. Sai in dafa su ɗaya bayan ɗaya, ruwa ɗaya, sukari ɗaya, in jera kofuna a faifai gaban Inna. Akwai mai gari kamar ƙasa, wanda yake yin ja nan take ya bar tabo a kofi. Inna ta ce rini aka zuba masa. Akwai mai manyan ganye da ke buɗewa a ruwa, ƙamshi da yawa, ƙarfi babu. Akwai wani da ya kwana kusa da sabulu a shago, mu duka muka tofar. Inna takan riƙe kurɓa a baki, ta ɗaga kai sama, ta haɗiye, sannan ta yanke hukunci da kalma biyu ko uku. Ni ma bakina ya fara buɗewa, har muna gardama. Da shayin take yarda ta ci ɗan ƙosai ko burodi, shi ya sa ban gaji ba.

Wata Juma'a ta kurɓi kofi na huɗu, ta sake kurɓa.

"Wanga ya yi kusa," ta ce a hankali. "Ƙara mini."

Na ɗanɗana. Baƙi ne mai kauri, da ɗan ƙaurin hayaƙi can ƙasa. Shi ne ƙamshin da ke bakin cokalina duk shekarun nan. Na ƙwala wa maƙwabciyata kira ta kan katanga, na nuna mata ƙullin. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce wallahi ba ta tuna wurin wa ta saya ba, ranar nan rumfa biyar ta shiga. Kasuwa uku ta yi tana nema. Abin da ta kawo duka ba shi ba ne. Ƙullin ya yi mana kwana tara.

Saura mako biyu in fita takaba, wan mijina ya zo. A wata unguwa yake, gidansa cike da iyali. Ya zauna a zaure, ni ina bayan ƙofa.

"Na ji yayanki na shirya miki ɗaki a Kaura," ya ce. "Haƙƙinki na, ba mai hana ki. Sai dai Inna ta ce ba ta barin ɗakinta, kuma ke ta saba da hannunki. Ki duba dai."

Na ce to. Ban san abin da nake nufi da to ɗin ba.

Ranar da na fita takaba aka yi mini kitso da lalle, na sa sabon zane, na taka har bakin titi. Hasken ya yi mini yawa. Washegari da hantsi Yaya ya iso da motar haya. Ya ce in yi sauri, direba ba zai kai azahar ba, ana so a wuce dajin da rana tsaka tare da sauran motoci. Kayana suna ɗaure a babbar jaka tun jiya. Matar wan mijina ta zo za ta zauna da Inna kafin a ga abin da za a yi.

Na shiga ɗakin Inna na durƙusa na yi mata sallama. Ta laluba ta dafa kaina.

"Ki tahi, ɗiyata. Kin yi. Allah shi yi miki albarka."

Na fito har tsakar gida. Sai na waiwaya, na ga ta sauko da ƙafa ɗaya daga gado tana laluben bango, tana son fita bayan gida, ba ta kira kowa ba. Matar wan mijina tana madafa tana waya. Inna ba ta san ina kallonta ba. Na ajiye mayafina a kan igiya na koma na kama ta.

Da na fito, Yaya yana tsaye a zaure da jakata a hannu.

"Yaya, ka bar ta. Sai bayan kaka."

"Wace kaka? Ke, ba wanda ya ɗaure ki a gidan nan. Tana da ɗa."

"Na sani."

"To mene ne?"

Na waiwaya na dubi ƙofar ɗakin Inna. Direba ya yi ta danna oda. Yaya ya dire jakar, ya ce Allah ya kyauta, ya fita bai waiwayo ba.

Kaka uku ke nan. Keken ɗinkina an kawo shi gida a baro, ina ɗinka wa matan unguwa a ƙarƙashin darbejiya. Jikata tana gudu yanzu, sau ɗaya na gan ta, da aka kawo ta. Kaura na je sau biyu, duka gaisuwar rasuwa, kuma ban kwana ba. Inna ta ƙara tsufa, wani lokaci takan kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun kafin a haife ni. Jakar tana ƙarƙashin gadona, ban taɓa kwance ta gaba ɗaya ba. In ina son zane sai in zuge in zaro ɗaya, yanzu ta kusa zama babu komai a ciki.