Na Nawa Ka Zo?

A kasuwar Zuba wani mutum yana zaune kan kifaffen kwandon lemo. Zai kai hamsin, furfura ta ci rabin gemunsa. Ya cire takalmi ɗaya, farcen babban yatsansa ya yi baƙi. A ƙirjinsa akwai lambar tseren gudun kilomita ɗari na cikin duwatsu, 214. Ina jin shekara guda ya yi yana shirin wannan rana, kuma gwiwar da yake dafewa ba za ta ba shi wata shekarar ba.

Wata dattijuwa mai sayar da ayaba ta leƙa lambar. "Oga, na ɗari biyu da sha huɗu ka zo? Ai ka yi ƙoƙari."

Ya kalli ƙafarsa.

"A mota aka kwaso ni daga tsakiyar hanya, Mama. Ban zo ba."