Kwallin da Kakata Ta Sa wa Baba

Shekaranjiya ina kakkaɓe akwati sai tandun kwallin kakata ya faɗo. Fatar ta bushe ta yi baƙi, amma da na buɗe, ƙanshin man shanun hannunta yana nan. Na zauna bakin gado, aikin da ban ƙarasa ba ke nan.

Kakata, wadda ta haifi babanmu, Bafillatana ce daga rugagen bayan Mawashi, aure ya kawo ta gidan manoma. Ni ce 'yar ɗakinta. Duk safiyar Juma'a takan danne kaina a cinyarta ta zizara mini kwalli, ina zillo tana cewa, "Tsaya, yitere am." Da na tambaye ta, ta ce "idona" ke nan da Fillanci, kuma a wurinsu daga gani aka ciro sunan ido, don wanda ya gani cewa yake "mi yi'i". Ƙanen kakanmu, wanda ya yi karatu kuma ba ya bari a manta, sai ya tsoma baki daga gindin darbejiya. Wai Larabawa "ainu" suke cewa, da ido da marmaro duka, kamar yadda muke cewa idon ruwa. Kakata ta taɓe baki ta ce, "Ashe su ma sun san abin da ido ke ajiyewa."

In ba ka tashi a irin gidanmu ba, da wuya ka yarda da abin da zan faɗa. Babanmu ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ga kakarsa. In ya durƙusa gaishe ta, sai ta juya ga bango ta amsa. "Wancan mutumin" take ce masa. Mutane suna yabonta, wai ta iya kunya.

Shekarar da yanar ido ta fara rufe mata gani, Baba yana kudu ci rani. Da fari zare ne ya ƙi shiga allura. Kafin zafin bazara ya kama, sai da murya take gane mu. Wata rana muna tsince wake, ko in ce ina tsincewa tana shafawa, ta yi ƙasa da murya.

"Wancan mutumin, halan hurhura ta hito mishi?"

Na ce, "Kaka, ke da ɗanki! Ba ki gani ba?"

"Ban duba ba, ɗiyata."

Ta sa na faɗa mata komai: furfurar gemu, wushirya, tabon lauje a haɓa. Tabon ma ba ta san da shi ba. Ta ce in ya dawo za ta dube shi ido da ido, mai dariya ya yi. Aka aika masa cewa idon Innarsa ya matsa. Ya aiko cewa yana tafe kafin shuka. Ina zai san gaggawar me ake yi?

Ya iso ranar da aka yi ruwan fari, ƙasa tana ƙanshi. A lokacin haske da duhu kawai take bambantawa. Ya durƙusa bakin ƙofa. A karon farko ba ta juya bango ba, ta ɗago kai ta buɗe ido iya buɗewa, amma gefensa take kallo, wajen randa.

Can ta ce mini, "Hwaɗa ma wancan mutumin, na san hanya ta ja mishi ido. Shi matso a sa mishi kwalli."

Baba ya matso, ƙato da shi, ya sa kai a cinyarta. Ta riƙe tandun a hannu, amma ta daɗe ba ta buɗe ba. Yatsunta suka bi goshi, suka bi gemu, suka tsaya kan tabon. Da ya motsa ta ce, "Tsaya, yitere am." Ni kuwa, yarinta, har na ji haushi an ba wani sunana. Kafin a yanke gero ta rasu.

Har gobe ina jin zafin wannan kunya, kuma ban ga abin yabo a cikinta ba. Ɗana na fari da sunansa nake kiransa, ina kallonsa har ya ce, "Mama, lafiya?" Irin yanar nan ta kama Baba bara, aka kai shi asibiti a Katsina aka cire, ga shi yana karatu da tabarau. Fillancin kuwa babu mai jin sa a gidanmu yanzu.

Jiya na kai masa tandun gidansa a Kankia. Ya shinshina, ya daɗe yana juya shi a hannu. Sannan ya ce, "Sau ɗaya ta taɓa kirana da wani suna, ban kuwa san ma'anarshi ba. Ke kin sani?"

Na faɗa masa. Ya cire tabarau ya rufe fuska da hannun riga.