Jirgin Roba na Baba

Ni ce auta a gidanmu, kuma duk layinmu a Agege an san ba na barin magana ta kwana a cikina. Shi ya sa lokacin da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, ƙannensa na can gida suka fara bugo waya a mayar da shi, ni kaɗai na buɗe baki na ce ba inda za shi. Na ga maƙwabta da yawa da aka sa a mota aka yi Arewa da su da sunan jinya, kuma ban ga wanda ya dawo ba.

Baba mahauci ne. Tun yana saurayi yake aiki a abbatuwa, a Legas ya yi aure, a nan ya haife mu duka. Hannun da ya saba feɗe shanu tun kafin a haife ni, sai ga shi ya kasa riƙe cokali. Likitar gashin ƙashi da muke gani a Idi-Araba ta ce a samo masa abin da yatsunsa za su riƙa tsinta, ko da wake ne. Na zuba masa wake a faranti na ajiye a gabansa. Ya dubi farantin, ya dube ni, ya ce, "Auta, kaza kika mayar da ni?" Daga ranar ba a sake maganar wake ba.

A kasuwar Alaba na ga jirgin, na je neman cajar waya. Yana cikin tarkacen kayan Turai na hannu, kwalinsa ya lotse, a jiki an zana koren jirgin sama na yaƙi irin na zamanin yaƙin duniya, mai farfela ɗaya a hanci. Mai shagon ya ce ba haɗaɗɗe ba ne, gutsattsarin roba ne mutum zai haɗa da kansa, shi ya sa ba mai saye. Ni kuwa na tuna Baba. Gidanmu kusa da filin jirgi yake, kuma ko tsakiyar magana yake, in jirgi ya taso sai ya ɗaga kai ya raka shi da ido har ya ɓace. Na taya a wulaƙance, mutumin ya sallama da sauri, har na ji haushin ban ƙara ragewa ba.

Da Baba ya buɗe kwalin ya ga gutsattsarin manne a jikin firam, sai ya ce, "Wannan ai sai an feɗe shi tukuna." Na ɗauko reza na riƙa yankowa, shi yana kasawa kashi-kashi a kan tabarma da hannun hagu, yadda yake kasa nama. Ga gangar jiki, ga kafaɗu, ga wutsiya. Kujerar matuƙi da sauran ƙananan da ke shiga ciki kuwa, kayan ciki ya kira su, kuma har muka gama sunansu ke nan.

Abin arha bai ɓoye halinsa ba. Ɓari biyun gangar jikin suka ƙi haɗuwa, aka bar tsaga daga hanci har wutsiya. Na ce mu shafa fenti a kai, wa zai gani? Baba ya harare ni kamar na ce mu sayar da mushe. Ya sa na daka alli, muka cika tsagar da garin, muka ɗiga gam, ya bushe kamar dutse. Sai gogewa. Na ba shi abin goge farcena, ya fara da hagu, ya ga ba ya tafiya daidai, ya yi tsaki, ya cusa shi tsakanin yatsun dama. Na yi kamar ban gani ba, na shiga kicin na yi kukana na fito.

Kullum bayan la'asar muke zama. Akwai ɗan matuƙi a cikin kayan, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, har da hularsa. Baba ya juya shi ya ce ba za a ajiye masa mutum-mutumi a ɗakin da yake salla ba. Na ce, "Baba, to wa zai tuƙa?" Ya ce, "Ya sauka shan shayi." Gilashin saman kujerar ya yi hazo saboda na cika masa gam, muka goge shi da man goge baki har ya washe. Fenti kuwa, wurin mai rubuta allon shaguna na roƙo a murfin kwalba. Damina ce, ya ƙi bushewa, muka kifa masa kwando saboda ƙuda. Da ya bushe Baba ya ce ya cika tsabta, ba jirgin da zai je yaƙi ya dawo kamar amarya. Ya aike ni na ɗebo kwallin Inna, ya shafa a gefen injin da ɗan yatsa, ya zama baƙin hayaƙi sak. Da hannun dama ya yi wannan ma. Ba abin da ya rage sai a sa farfela.

A makon ne baffannina biyu suka iso da motar shanu. Ni kuwa na gama shirina. Ba zan yi musu da su ba, tunda kullum cewa suke 'yar Legas ba ta da kunya. Jirgin zan ajiye musu, su ga aikin da hannun ya yi.

Bayan sun ci abinci, babban ya gyara zama ya ce, "Yaya, zaman nan ya isa haka. Mutum ba ya aiki, me yake yi a garin mutane? Ka zo gida a kula da kai."

Na shiga da jirgin a kan faranti, na durƙusa na ajiye. Na ce, "Baffa, ku duba. Baba ne ya haɗa wannan, da hannun da kuke cewa ya mutu."

Ƙaramin ya ɗauka yana juyawa, yana ƙoƙarin danne dariya. Ya ce, "Yaya, kai ne da wasan yara?"

Na juya ina jiran Baba. Na ga ya ja hannun daman a hankali ya sa a ƙarƙashin babbar rigarsa. Bai dube ni ba. Ya ce, "Shirmen Auta ne. Ni kallo nake yi."

Ai ni ce ban yi lissafi ba. Mutumin da ya yi wa waɗannan biyun aure, wanda ba sa zama a kujera in yana tabarma, ba zai taɓa amsa a gabansu cewa ya yi wata da watanni yana wasa da roba ba, ko da kuwa zamansa a Legas ya rataya a kan haka. Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta kira ni daga tsakar gida da muryar da na sani. Na ɗauki farantina na fita, raina kamar ya fashe.

Haka aka tsayar Baba zai bi su gida. Ranar tafiya ban yi masa magana sosai ba, kuma har yau abin yana ci na. A tasha ya ce, "Auta, fushi ake da ni?" Na ce a'a. Ya ce, "To Allah ya yi miki albarka." Motar ta tashi da shi da Inna.

Sai da na yi kwanaki kafin na iya buɗe kwalin. Na ce bari in ƙarasa shi in huta. Na zazzage komai, na ɗaga tabarma, na share ƙarƙashin gado, babu farfela. Na zargi ɓera, na zargi yaran maƙwabta.

Da muka yi waya da Inna na ba ta labari, sai na ji ta tashi ta canza wuri. Ta rage murya ta ce, "Tana aljihunsa. In ba kowa a zaure sai ya fito da ita yana murzawa da yatsu. Jiya na ce ya kawo in ba direban motar shanu ya kai miki, ya ce a'a, ba ki iya sa ta daidai ba, sai ya zo."

Damina ta sake zagayowa tun daga lokacin, ta kuma wucewa. Jirgin yana kan kabad a ɗakinsa, hancinsa da ɗan rami, ina kaɗe masa ƙura duk Juma'a. Ina kewar Baba ƙwarai. Muna waya, yana tambayata farashin nama da labarin layinmu, ni kuma ban taɓa ce masa ya aiko da farfelar ba.