Tokar da Na Zuba wa Lemon Inna

Wata ranar kasuwar Rogo ce, a farkon daminar da na shiga aji uku, can ƙarshen shekarun 1980, aka ɗora Innata a mota za a kai ta asibiti Kano. Kafin a fitar da ita daga gidanmu na Zoza, ta nuna mini ɗan dashen lemon tsami da ke bayan ɗakinta, tsawonsa bai wuce gwiwata ba. "Ki kula mini da shi, Hajara. Kafin ya kai tsawonki na dawo." Babana yana kudu da shanu, aka bar ni wurin Goggo, yayarsa, mace mai kirki amma maganarta tsada. Sai mu wuni ba ta ce mini komai ba in ban da "zo ki ci tuwo."

Lemon nan ya zama abokin hirata. Ina jiyo 'yan mata suna gaɗa a dandali, ni kuwa ina bayan ɗaki ina gwada tsawo da shi. Na ga ana kai tokar murhu gona, na ce ai nawa ma ba zai rasa ba. Kullum da safe in na share murhu sai in juye masa tokar duka a gindi, har ta maƙwabta nake roƙowa, wai don ya yi saurin girma Inna ta dawo. Sai sababbin ganyensa suka fara yin ruwan ɗorawa, jijiyoyin kaɗai suka rage kore. Na ɗauka yunwa ce, na ƙara masa toka. Bayan kaka ya bushe ƙayau. Inna ta rasu a Kano, ban sake ganin ta ba, kuma na daɗe ina jin laifina ne.

Sai da na girma ina karatun aikin gona na ji malami yana bayanin manganis, wani sinadari na ƙasa da shuka ke buƙata kaɗan don ganyenta ya yi kore. Ya ce toka in ta yi yawa takan hana saiwa shan sa, mu kuma muna samun namu a gero da wake da gyaɗa. Ashe kullum ina cin nawa a kwano, shi kuma na hana shi nasa da hannuna.

Yau a Karaye nake, ni ce mai gargaɗin mata kada su cika wa shuka toka. Na san ba lemo ne ya riƙe ran Inna ba. Amma abu ɗaya tak ta bar mini amana, kuma ban samu na ba ta haƙuri ba.