Ranar da na juya da mahaifiyata a Paki

Shekarun baya can, likita ya ce jinina ya hau, lallai in riƙa motsa jiki. Sai na bi wani abokina da ke koyar da judo, kokawar nan ta Japanawa, a wani fili a Makarfi. Ni a zatona kafin wata ya mutu zan fara ɗaga ƙarti ina makawa da ƙasa.

Ina! Juyi kawai ya sa ni. Ka dogara a kan gaban tafin ƙafa ɗaya, ka zagayo da ɗayar ta baya, ka juya kamar ƙyauren ƙofa, abin da ya taho maka ya wuce. Na ce, "Malam, yaushe za a fara faɗan?" Ya ce, "Da wannan tumbin? Koyi kaucewa tukuna." Haka na yi ta juyi, har a tsakar gida, yara suna leƙe suna dariya.

Ana nan, ƙanwata ta haihu a Paki, na raka mahaifiyata suna. Dangin mijin makiyaya ne, bijimi za su yanka. Mun shiga wani lungu tsakanin danga biyu, tana biye da ni a hankali saboda ciwon gwiwa, sai ihu: "Ya tsinke! Ku kauce!"

Ga bijimi nan ya taho, igiya na jan ƙasa. In na kauce ni kaɗai, ita zai samu. Ban san lokacin da na waiwaya na rungumo ta ba, na kafa ƙafa na juya da mu duka, muka jingina da danga. Iskarsa na ji a bayana, ya wuce ya yi gaba da gefen babbar rigata.

Sai ta doke min hannu. "Sake ni, ja'iri! A gaban surukai?"

Kafin la'asar labari ya gama gidan, amma ya sauya: wai ita ce ta fizgo ni. "Yaron nan tsayawa ya yi baki buɗe," in ji ta, "ba don ni ba!"

Tun ranar na daina raina abin da ake koya min don na ga ƙarami ne. Har yau ban taɓa kayar da kowa ba. Ita kuwa tana nan da ranta, duk Sallah sai ta ba jikoki labarin yadda ta ceci ubansu, ni kuma ina gefe ina cewa, "Haka aka yi, Inna."