Yarinyar da ba ta san sunan uwarta ba

Tun kafin komai ya faru, abin da yake hana ni sukuni shi ne hannu. Hannuna biyu ne, 'ya'yana biyu, ga kaya. Idan aka ce a gudu, wa zan riƙe, me zan saki? Ina wanke-wanke ina wannan tunanin, ina tankaɗe ina yin sa.

A shekarar ce mutanen arewacin jiharmu suka gudo suka cika Jimeta. Muna zaune a Limawa, maigidana tela ne. Maƙwabciyarmu malamar firamare ce, Kirista, daga kudancin jihar, kowa Malama yake ce mata. Ta sauki baƙi har falonta ya cika. A cikinsu na ga wata mata da ta iso da takalmi ƙafa ɗaya da murfin tukunya a hannu. Kwana uku tana tafe da murfin nan, ba ta san tana riƙe da shi ba. Daga ranar na haɗa jaka. Na sa garin kwaki, ashana, tocila, maganin zazzaɓi, katin rigakafin yara, da zani biyu. Na rataye ta a ƙusa bayan ƙofa, kullum sai na sauke na duba.

Maigidana yakan yi min dariya. "Wannan jakar taki, ranar gudu ita ma sai an goya ta."

"Malam, kai dai ka bar min ita a wurin," nake cewa.

Babbar 'yata shekararta huɗu a lokacin, ƙanenta yana goye. Ita ce 'yar fari, kuma sunan surukata aka sa mata. To mu a gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kunya ce. Ga shi kuma sunan uwar miji ne, wanda ba ni ba, ko maigidana ba ya faɗi. Sai aka riƙa ce mata Dada, wato yadda ake kiran tsohuwar. Ni ko Dadan ma ba na iya faɗi. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Da aka yaye ta, kakar ta ɗauke ta zuwa Bako, cikin Yola, ta yi fiye da shekara a can. Ta dawo tana ce min Adda, yadda ƙannena suke kirana, ubanta kuma Hamma, yadda ta ji 'yan gidansu suna faɗi. Ba wanda ya ga aibu a ciki. Har yaba ni ake yi, ana cewa ina da kunya.

Wata Laraba da hantsi na shiga kasuwa sayen kayan miya. Yaron yana bayana, leda a hannun dama, ita kuma tana riƙe da gefen hijabina na hagu, ɗankwalinta ruwan ɗorawa. A watannin nan an sha jin fashewa a garin, kowa a tsorace yake. Muna wajen masu tattasai sai aka ji ƙara daga bakin titi. Daga baya aka ce tayar babbar mota ce ta fashe. Amma a lokacin wa zai tsaya ya tambaya? Kasuwa ta watse gaba ɗaya. Aka ture ni, na kai hannu baya na tare kan yaron, sai na ji hijabin ya yi sako-sako.

Na gan ta. Wannan ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai bayan shekaru. Na hango ɗankwalin tsakanin ƙafafun mutane, bai fi taku goma ba, tana juyawa tana nemana. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne "ke, ke". Bakina bai saba da komai ba sai wannan. Da na ce Dada, wataƙila da ta juyo. Kafin harshena ya yarda, wani mai baro ya gifta tsakaninmu, ban sake ganin ɗankwalin ba.

Har la'asar ina zagaya kasuwar. Maigidana ya rufe shago ya zo, Malama ta baro makaranta ta zo. Wata mai gyaɗa a bakin tasha ta ce ta ga yarinya mai ɗankwali irin wannan tana kuka, har ta ba ta gyaɗa.

"Na tambaye ta sunanta, ta ce Dada," in ji matar. "Na ce wace ce mamanki, ta ce Adda. Babanki fa, ta ce Hamma. Na ce ina ne gidanku, ta nuna min can da hannu. Yaya zan yi, 'yar'uwa? Rabin garin nan Adda ne da Hamma."

Ta ce wata mata daga cikin 'yan gudun hijira ta ɗauke ta, a zatonta 'yar wani ce daga cikin ayarinsu, domin a kwanakin nan yaran da suka rabu da iyayensu sun yi yawa. Suka hau wata mota mai buɗaɗɗen baya. Ba ta san inda motar ta nufa ba.

Aka yi cigiya a masallatai, Malama ta kai cocinsu aka faɗa, aka kai gidan rediyo. Kwana biyun farko da sunanta na yanka aka yi cigiyar, domin shi maigidana ya rubuta a takarda, shi ne a katin rigakafi. Sunan da ita kanta ba ta taɓa ji ba. Ko tana zaune kusa da rediyon, ba za ta ɗaga kai ba, wanda yake riƙe da ita ma ba zai gane ba. Sai a rana ta uku Malama ta ce, "Ku tsaya. Yarinyar nan wane suna take amsawa?" Aka koma aka gyara. Mun bi sansanonin 'yan gudun hijira ɗaya bayan ɗaya, ana fito mana da yara muna dubawa. A wani wurin aka ce wasu sun wuce wata jihar jiya. Da na dawo gida ranar, na tarar da jakar tana rataye a ƙusarta, komai yana ciki, har katin rigakafinta.

Surukata ba ta zage ni ba, ko sau ɗaya. Ta daina cin abin kirki dai. Bayan shekara uku, da yaron ya fara magana sosai, muka je gaishe ta a Bako. Ta sa aka zaunar da shi a gabanta a kan tabarma, ta ce in matso. Cikin Fulatanci ta faɗa masa sunanta, ta sa ya maimaita. Sannan ta faɗa masa sunan ubansa. Maigidana ɗanta ne na fari, tun da ta haife shi wannan sunan bai fita daga bakinta ba. Ta faɗa sau biyu. Ta juyo gare ni ta ce, "'Yar nan, faɗa masa naki." Na faɗa. Sai ta juya fuskarta bango. Damina biyu bayan haka ta rasu.

Bana, kafin ruwa ya sauka, Jauro, mai unguwarmu, ya aiko a taru a filin firamare. Wasu ma'aikata ne suka zo da takardu, wai suna son jin ta bakin jama'a: idan kogi zai cika, ko wani tashin hankali ya taso, ta yaya labari zai isa gidaje, kuma me ya kamata kowane gida ya tanada. Maza suna gaba a kan benci, mu muna baya a gindin darbejiya. Wani ya ce lasifikar masallaci. Malama ta ce a haɗa da coci, kuma a riƙa faɗa da Fulatanci saboda tsofaffi. Wani dattijo mai sayar da itace ya ce saƙon waya da Turanci yake zuwa, kafin ka sami mai karanta maka ruwa ya kai maka gwiwa.

"Kai ko da Hausa aka rubuto sai ka nemi mai karantawa," in ji na kusa da shi. Aka yi dariya.

Sai wata daga cikin ma'aikatan ta zo inda muke ta ce, mata fa? Malama ta dafa min gwiwa. Aji huɗu na tsaya a boko, ban taɓa magana a taro ba. Na miƙe na ce jaka tana da kyau, ni ma ina da ita, amma a rubuta cewa kowane yaro da ya iya magana a koya masa sunansa na yanka, da na uwarsa, da na ubansa, da unguwarsu. Kuma in za a yi cigiya, a fara da sunan da yaron yake amsawa.

Dattijon nan ya juyo. "Yarinya, so kike 'ya'yanmu su riƙa kiran sunanmu kamar sa'anninsu?"

"Baba, ban ce su kira ba," na ce. "Su sani kawai."

Wani ya raɗa masa ko ni wace ce. Ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya bayyana ta. Ma'aikaciyar ta rubuta. Ban san inda takardar ta je ba, shi ya sa Malama ta ba ni littafin rubutu ta ce in rubuta da kaina.

Yarana uku yanzu a gabana. Kowace safiya kafin su tafi makaranta sai sun faɗa min sunayen nan, har ƙaramar, mai shekara uku. Ina jin kunya har yau in suna faɗi, amma ina tsayawa su gama.

Ga roƙona gare ku da kuke karantawa. Yau ɗin nan, ku zaunar da yaranku ku faɗa musu sunayenku da na unguwarku, ku sa su maimaita. Sannan idan kun san wata yarinya da ta zo hannun wasu a shekarar gudun nan, yanzu ta zama budurwa, ba a san iyayenta ba, ku duba wuyan hannunta na hagu. Akwai tabon ƙunar murhu, dogo kamar ganyen darbejiya. Ku tambaye ta ko an taɓa ce mata Dada. In haka ne, ku aiko Limawa ta Jimeta, a tambayi matar tela da 'yarta ta ɓace a kasuwa. Kowa zai nuna muku gidan, ba mu tashi ba.