Ƙwaya Huɗu a Bakin Zane

Babbar 'yata ta daɗe tana fama da ciwon ɓarin kai. Sana'arta turara wa mutane shinkafa, kamar yawancin matan Kura, da ita take ciyar da marayunta uku. Hayaƙi da zafin tukunya ke tayar mata da ciwon, har ta yi ta amai.

Da abin ya tsananta, muka je asibiti a birni. Likita ya rubuta magani, ya ce a sha da zarar ciwon ya fara. Da mai kemis ya faɗi kuɗinsa, sai da na dafa bango. Na sayar da tunkiyata a kasuwar Bunkure, muka samu ƙwaya shida.

Ta sha biyu, ta ga aikinsu. Sai ta ɓare sauran daga takardarsu ta ƙulle a bakin zane, yadda muke ƙulle goro. In ciwon ya taso, in ce, "Sha mana, 'yar nan." Ta ce, "Inna, wannan ƙarami ne. Bari babban ya zo." Ta ɗaure kai da kallabi, ta koma bakin murhu.

Rani biyu tana wannan haƙuri. Ranar da babban ya zo, ta kwance ƙullin, ashe zufa da tururi sun narkar da ƙwayoyin. Ta jiƙa bakin zanen ta sha ruwan, bai yi mata komai ba. Kwana uku tana kwance, shinkafar mutane ta ruɓe a jiƙo. Ba wanda ya ƙara kawo mata aiki.